Muryar Da Nake Turawa Da Safe

Kun dame ni a ƙasan rubutun da ya wuce, wai me ya sa nake ja wa bawan Allah rai, mutum mai hankali, mai aikin yi, ya zo da maganar aure ina ta noƙe-noƙe. Wata har cewa ta yi in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar uwa, na ga saƙonki, Allah ya ba ki naki. Yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewayewa, kuma daga tushe zan ɗauko, don wadda ta shigo yau ma kada ta ɓata.

Sana'ata shirya kwas ce. Kwas na sati biyu, na koyon haɗa sabulu da man shafawa, mata zalla. Kullum da safe ina tura darasi ɗaya na murya a gurup ɗin waya, kowacce ta saurara a gidanta tana shara ko wanke-wanke. Ranar Asabar mu haɗu a wani aji da nake haya a makarantar firamaren bayan layinmu, a yi a aikace. Ranar ƙarshe a ba kowa takardar shaida, a yi hoto, a watse, in ɗan huta in sake buɗe rajista.

Ni ce mai rajista, ni ce mai hayar kujeru, ni ce mai faɗa da maigadin makaranta a kan mukulli. Ni nake sayo safar hannu da takunkumin fuska, ni nake tsayawa a kan mai buga takarda don kada ya sake lauya sunan wata ta zo tana min kuka ranar hoto. Wannan duk na iya shi ko daga barci aka tashe ni. Abu ɗaya ne ba nawa ba a cikin kwas ɗin nan, shi ne muryar da nake turawa.

Muryar Yaya ce. Yayata da nake bi, mu biyu kaɗai Mama ta haifa, shi ya sa har gobe Auta ake ce min a gida. Ita ta kafa kwas ɗin, ita ce mai koyarwa, ni 'yar fafutukar waje ce. A falonmu muka ɗauki darussan, ɗaya bayan ɗaya, cikin watanni. Ta zauna a kafet da bokiti tsakanin ƙafafunta, mu kashe fanka saboda ƙara, ni in riƙe mata waya gumi na zuba. Yaya akwai baki. Ko lissafin awo take yi sai kin yi dariya.

"Sannunku da aiki, matan kirki," haka take buɗe kowane darasi. A na biyu kuwa akwai inda take cewa, "Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Wadda ta juya, to ta shirya zuwa biki ba gira." Sai ta saki dariyar nan tata mai fitowa ta hanci.

Bara da damina ta rasu. Ciwon ƙirji, kafin mu gane me ake ciki ya gama da ita.

Lokacin akwai matan da suka riga suka yi rajista suna jira. Ni na ce a rufe, wa zai koyar? Mama tana zaune a bakin gadon Yaya, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ki tura musu darasin mana. Ai tana nan a waya." Na tura. Rukunin farko sun sani, sun yi ta kuka a gurup. Na biyu kaɗan ne suka sani. Daga nan aka fara samun waɗanda ba su taɓa jin labarinta ba, suka zo ranar Asabar suka tarar da ni sanye da rigar ledar Yaya, takunkumi ya rufe min rabin fuska, suka ce, "Sannu Malama." Muryarmu tana ɗan ɗiban kama, irin ta 'yan ɗaki ɗaya. Ban taɓa ce wa kowa muryar tawa ce ba. Ban kuma taɓa cewa ba tawa ba ce.

Ku ba ku san yadda safiya take a gidanmu ba. Da na idar da salla Mama za ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, in danna turawa, ta ce, "Kunna mu ji ko ya tafi daidai." Ta san ya tafi daidai. Sai Yaya ta cika falon, tana tsokanar matan da ba ta taɓa gani ba, Mama tana motsa baki tare da ita, don ta haddace duka. Sabulan ƙarshe da Yaya ta yanka suna nan a saman sif, an jera su su sha iska, Mama ta hana a taɓa, ƙamshin lemon tsami ya kama labule da katifa da komai. Can sai amsoshi su fara shigowa gurup.

"Mun gode Malama."

"Malama kin iya ba da dariya wallahi."

"Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Malama."

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yi min ciwo kullum. Ni nake rubuta musu "Amin."

To a haka Likita ya shigo. Ba likita ba ne, shi da kansa ya sha faɗa, ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu ciwon ƙirji. Amma Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce ita duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura Likita ne, sunan kuma ya bi shi. Mahaifiyarsa ce ta yi rajista, Hajiya, dattijuwa mai son hira, ta ce ta gaji da zaman kallon bango. Wayarta ƙarama ce, ba ta karɓar darasi, sai ta ba da lambar ɗanta. Ga shi kunnenta ɗaya ya yi nauyi, don haka kowane darasi sai ya kunna mata da ƙarfi, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Wata rana da hantsi ina wajen mai kujeru muna ciniki saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum Malama. Ni ne ɗan Hajiya da darasinta yake shigowa wayata. Ki yi haƙuri da katsalandan. Tun yaushe kike wannan tarin?"

Na karanta, na sake karantawa. Mai kujeru yana ta magana ban san me yake cewa ba. Wane tari? Na koma gida na shige ɗaki, na sa abin kunne, na kunna darussan daga farko, wannan karon ba maganar nake saurare ba, abin da ke tsakanin maganar nake saurare. 'Yan uwa, a darussan farko Yaya tana jan magana mai tsawo da numfashi ɗaya, har ta ɗora wasa a kai. Daga tsakiya ta fara yanke jimla biyu. A na ƙarshe-ƙarshe kuwa, kafin ta ce "man kwakwa" sai ta tsaya ta jawo iska, wani siririn sauti na bin numfashin, sannan ɗan tari busasshe, sai ta ce "afuwan" ta ci gaba. Na ji darussan nan sau ba adadi, ban taɓa jin wannan ba. Lokacin da ake ɗaukar darussan kuwa warin soda muka ce, ita ma haka ta ce, Mama ta dinga dama mata zuma da ruwan ɗumi.

Kun san me na rubuta masa? "Warin soda ne kawai, na gode da kulawa." Sai da na tura na gane maganar Yaya ce na kwafo, harafi da harafi.

Asabar ɗin nan ya zo ɗaukar Hajiya. Dogo ne, ba fari ba, da ɗan saje, rigarsa ruwan ƙasa an goge ta har tana ɗaukar ido. Bai shigo ba tunda ajin mata ne, ya tsaya daga jikin taga hannunsa a baya. Ni kuwa ina tsakiyar fama. Ajin yara ne, teburan gajeru, manyan mata sun duƙa a kansu da bokitai, wata ta zo da jariri, wata ta manta safar hannu tana so ta sa leda, sikeli ɗaya ya ƙi tashi. Na buɗe tagogi duka, na raba su huɗu-huɗu, na ɗaga kofin soda sama na ce, "Me ake zubawa cikin me?"

Ajin gaba ɗaya ya ɗauka, murya ɗaya, har da Hajiya da ƙarfinta: "Soda cikin ruwa! Wadda ta juya, biki ba gira!" Suka fashe da dariya. Tsigar jikina ta tashi, kamar kullum, don wasan Yaya ne yake fitowa daga bakin matan da ba su san an yi ta ba. Na waiga taga, na gan shi yana murmushi, yana kallona yadda ba wanda ya taɓa kallona.

Daga nan saƙo ya fara bin saƙo. Kada ku ce ban so shi ba, na so shi. Mutum ne mai tambayar ko kin ci abinci kuma ya jira amsa. Ya ce in daina ɗaukar jarkokin mai da kaina, ya samo min mai kura. Da maigadi ya ɓatar da mukulli, shi ya zo da kafinta. Amma duk hirar da muka fara, sai ta gangara wuri ɗaya.

"Yau na kunna darasin turare a mota, ni kaɗai ina dariya, mai babur yana kallona."

"Wannan dariyar taki ta hanci, Malama, ita ta kayar da ni."

"Kin sha maganin da na aiko? Kina sa takunkumi ko a gida?"

In ya kira waya ina gajarta magana, in ce Mama na kira. Saƙon murya kuwa ban taɓa tura masa ba. Ya ce, "Ke a darasi kamar rediyo, a fili kuma sai an roƙi kalma." Ya ɗauka kunya ce, har yana cewa ta ƙara masa sona. Ni kuma da na ga abin da yake so, sai na fara ba shi. In zai tafi in ce, "Sannu da aiki, mutumin kirki," da irin jan harshen Yaya. Na tsaya gaban madubi ina gwada dariyar hanci. Allah ya gani, rannan da ta fito daidai sai da na tsorata na bar ɗakin, Mama kuma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta ta yi fari, ta koma.

Kwas ɗin Hajiya ya ƙare, ta karɓi takardarta ta sa a gilashi, amma shi bai goge darussan ba. Wata uku muna tare ya ce kawunnansa za su zo ganin manya. Sai ya ƙara da wani saƙon.

"Alfarma ɗaya nake nema. Kafin su zo ki zo asibiti a yi miki hoton ƙirji. Ba sharaɗi ba ne, wallahi ko me aka gani ina nan. Hankalina ne ya ƙi kwanciya."

Gwaggo tana gidan ranar, ta zo da ƙyallayen atamfa wai a fara zaɓen kala. Na karanta musu. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Hoton me? Mu za a yi wa gwaji kamar an zo sayen akuya?"

"Gwaggo, ba haka yake nufi ba. Tarin da yake ji ne ya dame shi."

"Wane tari? Ke da ko mura ba kya yi, sai cin abinci kamar gara?"

Mama tana ninke wanki, ba ta ɗago ba ta ce, "Na 'yar uwarta yake ji. A waya."

Gwaggo ta kalli Mama, ta kalle ni, ta kalli saman sif. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma Gwaggo ba ta yarda kuka ya riga ta magana. Ta ja hanci ta gyara ɗauri.

"To ai da sauƙi. In ya zo ki ɗan yi tari sau ɗaya sau biyu. Wani satin ki rage. Kafin biki kin warke sarai, ya ce maganinsa ne ya yi aiki. Namiji ba abin da yake so irin a ce shi ya yi."

"Ni fa so nake in faɗa masa gaskiya."

"Ki faɗa masa me? Ke Auta, ki kiyaye ni. Murya ya zo aure ko mace?"

Tambayar da take hana ni sukuni ke nan, ita ta jefo ta kamar wasa. Ta ci gaba da faɗa, wai shekaruna sun ja, wai samun irinsa sai an tona, wai in an ɗaura an zauna wa zai tuna da wani darasin sabulu. Ni ba faɗanta ne ya kashe min jiki ba. Bayan ta tafi ne Mama ta shigo ɗakina ta zauna, tana murza gefen zaninta.

"In kin faɗa masa zai faɗa wa Hajiya," ta ce. "Hajiya kuma kin san bakinta. Matan nan su ji cewa da muryar mamaciya ake koyar da su, wasu su tsorata, wasu su ce an yaudare su. Daga nan ki daina turawa."

"Mama, ai za ki iya kunnawa ke kaɗai, duk lokacin da kika so."

"Ba ɗaya ba ne." Ta girgiza kai. "In kin tura, suna amsa mata."

Me za ki ce wa uwa in ta faɗi haka? Washegari na je asibiti. Aka sa ni cikin wata riga mai igiya a baya, aka ce in manna ƙirjina da ƙarfe mai sanyi, in ja numfashi in riƙe. Na ja, ya tafi har ƙasa ba abin da ya tare shi, sai na ji kunyar lafiyata ta kama ni. Likita yana bakin aiki a sama, ya ce zai karɓi sakamakon ya kawo gida da kansa.

Ranar Laraba da la'asar ya ce yana tafe. Na share falo, na canza rigunan kujeru, na sa doguwar rigata koriya mai duhu, mai ƙananan duwatsu a wuya. Kwalli kawai na zizara da ɗan man leɓe. Ina neman mayafi Mama ta miƙo min wani ruwan toka mai laushi, ta ce ya fi shiga da rigar. Na Yaya ne. Na san shi, na san ranar da ta saye shi. Na karɓa na yafa, ƙamshin lemon tsamin nan ya zagaye min wuya.

Ya yi sallama ya shigo da babbar ambulan a hannu, ya gaida Mama har ƙasa, ta amsa da fara'a ta shige kicin haɗa shayi. Ya zauna a kujerar da ke kallon taga. Ni na zauna a ta nesa, na haɗa hannuwana a cinya.

"Malama, albishirinki. Ƙirjinki tas yake, ko ɗigo babu."

"Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi," ya maimaita, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya zaro hoton ya ɗaga shi saitin hasken taga, haƙarƙarina suka fito a jere. "Na nuna wa babban likitanmu, na nuna wa wani. Duk sun ce lafiya. Na yi murna, wallahi har sujada na yi. Amma akwai abin da na kasa ganewa. Ki yi haƙuri, saurari nan."

Kafin in ce a'a ya danna waya.

"Sannunku da aiki, matan kirki."

A falon da aka ɗauke ta, a kan kafet ɗin da ta zauna. Daga kicin na ji ƙarar cokali ta tsaya. Ya ja darasin gaba da yatsa, zuwa inda yake so, ya ƙara sauti. Yaya ta ce, "Idan kika ga ya fara kauri," ta tsaya, iskar ta shiga da wannan siririn kukan, "ki daina juyawa," tari, "afuwan, ki zuba a mazubi."

Ya tsayar. Ya nuna wayar, ya nuna hoton.

"Wannan numfashin ba daga wannan ƙirjin yake fitowa ba. Aikina ke nan, kullum shi nake ji a ɗakin marasa lafiya. Na ce ko na'urar ce ta samu matsala, ko an haɗa hotonki da na wata." Muryarsa ta yi ƙasa. "Malama, tun kafin in ga fuskarki nake tsoron rasa ki. Ina jin dariyar nan, ina jin abin da ke bayanta, in rasa inda zan sa kaina. Ki yarda a sake wani gwajin."

Maganar Gwaggo ta faɗo min. Tari ɗaya kawai, ɗan ƙarami, in kauda kai in rufe baki da gefen mayafi, shi ke nan an wuce wurin. Har na ji maƙogwarona ya shirya. Sai na ga da mayafin wa zan rufe bakin.

"Ba na'ura ba ce," na ce. Muryar da ta fito tawa ce, siririya, ba wasa a cikinta. "Hoton nawa ne. Muryar ce ba tawa ba."

Ya kalle ni bai gane ba.

"Ta yayata ce. Duk darussan, ita ce. Dariyar ma tata ce. Ni rajista nake yi da hayar kujeru."

Na zaci zai yi fushi. Na shirya wa fushi, na shirya wa "kin yaudare ni", har amsa na tanada. Ya ƙura wa wayar ido, leɓensa na motsi kamar mai lissafi. Sai kawai ya miƙe tsaye, hoton ƙirjina ya zame daga cinyarsa ya faɗi a kafet bai ko lura ba, yana laluben mukullin mota a aljihu.

"Tana ina?"

"Likita..."

"Aure take? A garin nan? Kira ta. A'a, bari, tashi mu je kawai." Idonsa a kan ƙofa yake. "Watanni nawa ke nan ina ba ki magani ita tana can! Irin wannan ba a jira da shi. A yadda na ji ta a darasin nan abin bai yi nisa ba, in an zo da wuri ana shawo kansa, na ga waɗanda suka fi haka sun tashi sun koma gidajensu. Don Allah tashi."

Duk tsoron nan da kulawar nan da na yi wata uku ina ɗumi a jikinsu, a gabana suka tashi tsaye suka nufi ƙofa neman mai su. Ban ji haushinsa ba. Kishi na ji, kishin Yaya, kuma ban taɓa sanin ana kishi da kewar mutum a lokaci ɗaya ba sai ranar.

Labulen kicin ya motsa. Mama ce da tire. Ta tako a hankali ta ajiye shi a tebur, ta tsiyaya shayi a kofi har ta sa sukari.

"Zauna, ɗan nan," ta ce. "Bara ta rasu."

Bai zauna ba, faɗawa ya yi cikin kujerar. Ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya dafe kai da hannu biyu.

Mama ta tsaya a kansa. "Na ji abin da ka ce daga ciki. Faɗa min tsakaninka da Allah. Lokacin da take wannan tarin, ina dama mata zuma, da mun kai ta wajenku, da ta tashi?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. Ya kalli Mama, sannan ya juyo ya kalle ni, karon farko tun da na yi magana. Na girgiza masa kai kaɗan, yadda Mama ba za ta gani ba. Roƙonsa nake. Ni da na gama ɓoye masa gaskiya, ga ni ina roƙonsa ya ɓoye wa wata.

Ya mayar da idonsa kan Mama. "Mama, murya a waya ba ta isa a yanke hukunci ba. Na yi saurin baki. Kwananta ne ya ƙare, ko a gadon asibiti take ba mai riƙe ta."

"Haka na ce," in ji Mama. "Haka nake ta cewa." Ta gyara kofin a kan tire duk da daidai yake, ta shige ɗakin Yaya ta turo ƙofa.

Bai sha shayin ba. Ya ɗauki hoton daga ƙasa, ya mayar cikin ambulan, ya ajiye min a hannun kujera. Na raka shi har bakin ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba. Rana ta yi sanyi, yara na buga ƙwallo a layi, mai kura ya wuce ya ɗaga mana hannu. Ya tsaya jikin mota yana juya mukulli.

"Ban taɓa ce maka muryar tawa ce ba," na ce.

"Haka ne. Ba ki taɓa cewa ba."

"Saƙonnin kuma duk ni na rubuta. Wannan ni ce, ba ita ba."

Ya gyaɗa kai, amma ba ni yake kallo ba, mayafin yake kallo.

Na yi ta maza, don in ban tambaya ba zuciyata za ta fashe. "Maganar zuwan su Kawu fa? Me zan ce wa Gwaggo?"

Ya buɗe baki. Na ga leɓensa sun haɗu za su ce "Malama", yadda suka saba, sai ya tsaya. Ya nemi abin da zai kira ni da shi, ina kallonsa yana nema, hawaye na gangaro masa cikin saje.

"Baiwar Allah," ya ce, "Allah ya jiƙan ta. Allah ya ba ku haƙuri."

Na ce, "Amin, mun gode," don abin da ake ce wa baƙo ke nan in ya zo gaisuwa.